Kawu da Kufan Mabuga

Ranar addu'ar uku tabarmin gidan ba su isa ba, sai da aka aro na masallacin unguwa. Na zauna a bakin zaure tare da 'ya'yan Kawu muna karɓar gaisuwa, ina kallon jama'a, ina tambayar kaina inda duk waɗannan mutane suke a shekarunsa na ƙarshe, lokacin da yake wuni a ɗaki daga shi sai rediyo.

Tsofaffin abokan aikinsa na ofishin safiyo sun zo daga Birnin Kebbi a mota ɗaya. Babbansu ya ce a duk zamaninsu ba a yi mai tsabtar zane kamar marigayi ba. Wani malami daga gidan malamai na cikin birni ya ce sau da yawa Kawu ya ari takardun kakanninsu, kuma bai taɓa maido ɗaya ba sai a naɗe cikin sabon ƙyalle. A cikin gida, aka ce, wata mata ta zo tun daga unguwar Nasarawa ta Birnin Kebbi da ƙwaryar shinkafa, babu wanda ya san ta, amma ta fi dangi kuka.

Can wajen hantsi wata babbar mota ta tsaya. Alhajin da na yi wa aiki shekarun baya ne, mai kamfanin gine-gine. Ya zauna, aka shafa fatiha, sannan ya ɗaga murya yadda na bayan rumfa ma za su ji.

"Kebbi ta yi rashin kundi," in ji shi. "Irin su Baba ba a samun su kuma. Wallahi mu da munka yi hulɗa da shi mu munka san mi anka rasa."

Mutane suka amsa da "Allah Sarki." Ni kuwa na sunkuyar da kai. Da wannan bakin ne na ji ya kira Kawu tsohon nan mai tara takardun ƙosai. Da ni mai gaskiya ne, da na tashi na faɗa masa haka a gaban jama'a. Amma ba ni da bakin faɗa, domin ranar da ya yi wannan maganar ina zaune a gefensa, kuma na yi dariya.

Da yamma, bayan mutane sun watse, Inna ta kira ni. Ita ce mahaifiyata, ƙanwar Kawu uwa ɗaya uba ɗaya. Ba ta dube ni ba, tana dai jan carbinta.

"Kai ka iya boko," ta ce. "Ka rubuta labarin yayana kada a mance da shi. Amma in za ka rubuta, ka sa da naka ciki. Kada ka wanke kanka."

To, ga shi, Inna.

Kawu ma'aikacin safiyo ne, amma ba cikin masu yawo daji da ma'auni ba. Shi mai zanen taswira ne, aikinsa a kan teburi. Ya fara a Sakkwato, ya ƙare a Birnin Kebbi, da ya yi ritaya ya koma gidan gado a Argungu. Tun yana aiki, duk tsohuwar taswirar da ya ga ta fara rubewa sai ya nemi izini ya kwafe ta da hannunsa. Haka ya tara ɗaki guda. Ba ya shiga ɗakin nan sai ya wanke hannu, ko da bai ci komai ba. Ba ya taɓa takarda da biro, sai fensir, kuma fensirin da reza yake fiƙe shi. Matarsa, wadda mu duka muke kira Hajiya, takan ce da gara ce ke da ƙarar da za ta kai, da Kawu za ta kai, domin ya hana garar cin takarda tun ita Hajiyar tana amarya a gidan.

Yana da tambaya ɗaya da kowa ya san shi da ita. In ya ji wani zai yi gini, ko ɗan shago ne, sai ya ce, "An karanta hilin?" Mutane na dariya, suna cewa fili ai ba allo ba ne. Shi kuwa abin da yake nufi a fili yake. Kafin a sa diga a ƙasa, a zauna tukuna a nemi duk abin da aka taɓa rubutawa ko zanawa game da wurin: tsofaffin taswirori, hotunan da jirgin sama ya ɗauka tun da daɗewa, bayanan da jami'an Turawa suka bari na rangadinsu, rubutun ajami na gidajen malamai. In an gama da takarda, a je a zauna da tsofaffin yankin, musamman mata, domin ya ce su ne ba su mance inda aka hana su ɗibar itace ba.

"Haƙa ita ta ƙarshe," yakan ce. "Takarda kana iya karanta ta sau goma ba ta ragu ba. Amma ƙasa sau ɗai aka karanta ta. Ka buɗe ta da gaggawa, ka yage shafin ke nan."

Matar nan ta Nasarawa, daga baya na ji labarinta a bakin Hajiya. Mijinta ya rasu ya bar mata fili a gefen unguwar, ta yi niyyar gina ɗakuna biyu ita da 'ya'yanta. Wani abokin mijin ya ambata wa Kawu a wajen ɗaurin aure. Kawu bai san ta ba, bai san mijin ba. Ya koma gida ya duba wata tsohuwar taswira ta lokacin da wurin yake gonaki, ya ga ɗan da'ira da alamar rijiya. Washegari ya shiga motar haya zuwa Birnin Kebbi. Ya iske har magini ya ja igiya. Ya ce a dakata, maginin ya ce shekararsa ashirin yana gini bai taɓa jin an tambayi takarda inda rijiya take ba. Kawu bai yi musu da shi ba. Ya taka daga gindin wata tsohuwar kuka yana ƙirga sawu, ya tsaya, ya karɓi rodi ya kafa a ƙasa ya danna. Rodin ya shige har hannunsa. Tsohuwar rijiya ce aka rufe da azara aka zuba ƙasa a kai, azarar ta riga ta ruɓe. Daidai nan ne za a yi ɗakin kwanan yara. Matar ta rasa abin da za ta yi masa. Ya sha ruwa kofi ɗaya ya koma tasha.

Wannan shi ne mutumin da ya riƙe ni bayan rasuwar mahaifina, ya tsaya min har na zama injiniyan gini. Tun daga ranar da na kawo takardar shaida bai sake kiran sunana ba, sai "Injiniya." Da farko alfahari ne a cikin kiran. Daga baya na fara jin wani abu dabam, ko kuwa kunnena ne ya canza.

Babban aiki na farko da aka damƙa min shi ne rukunin gidaje a kan hanyar Ambursa, a wani tudu da ke kallon fadama. Na je Argungu da zanen aikin a naɗe, ina ɗoki. Kawu ya shimfiɗa shi a tabarma, ya danne kusurwoyin da kofuna, ya daɗe yana dubawa. Ya yaba tsarin tituna. Sannan ya ɗora yatsa a gabashin filin ya tambaye ni ko akwai tsamiya uku a jere a nan. Na ce akwai. Sai ya yi tambayarsa ta kullum.

Na ce mun gwada ƙasa, wuri huɗu, ta yi kyau.

"Na ji kun gwada ta," ya ce. "Ni karatu nika tambaya. Ba ni wata guda."

Na amsa masa don ladabi kawai, ban ɗauka zai yi wani abu ba. Ashe da gaske yake. Da ciwon gwiwarsa ya shiga mota zuwa Kaduna, inda ake ajiye tsofaffin takardun gwamnati, ya yi kwanaki yana kwafe da fensir. Ya dawo ya bi gidajen malamai na Birnin Kebbi. Ya hau kabu-kabu zuwa Ambursa har sau biyar, yana zama da tsofaffi a gindin bishiya, aljihunsa cike da goro. Kafin watan ya cika ya kira ni ya miƙa min fayil mai koren bango, an ɗaure da zare.

Na karanta shi a ranar, don haka ba zan ce ban sani ba. A taswira mafi tsufa an rubuta kufai a daidai tudun namu, wato wurin da gari ya taɓa zama ya tashi. A hoton jirgin sama akwai wani baƙin layi da ya lanƙwasa kamar lauje, ya ratsa tsakiyar filin. Kawu ya bi shi da jan fensir ya rubuta cewa gwalalo ne, ramin da ake haƙawa a bayan ganuwa, wanda shekaru suka cike da ƙasa mai laushi da shara. Akwai shafi guda na ajami da ya ambaci wani ɗan gari mai ganuwa na marina da masaƙa, sunansa Mabuga, da maƙabartarsa gabas da tsamiyoyi. Akwai kuma maganar wasu tsofaffin mata biyu, waɗanda ba a gida ɗaya suke ba, amma kowacce ta ce tun suna yara ba a noma gabashin tudun, ba a kuma ɗaure dabba a can.

A shafin ƙarshe bai ce kada a yi gini ba. Wannan ne ke ci min rai har yau, domin daga baya an yi ta yaɗa cewa ya so hana mutane samun gidaje. Abin da ya nema kaɗan ne. A bar gabashin tudun yadda yake. Kada a ɗora harsashin gini a kan layin gwalalo, a mai da shi titi ko fili na shan iska. A kira ma'aikatan gidan tarihi su duba wurin kafin katafila ta shiga.

Na kai Kawu wurin Alhaji, mai kamfanin, domin ya matsa min. Ya sa farar rigarsa ta Juma'a. Alhaji ya karɓe shi da fara'a, ya sa aka kawo lemo, ya buɗe fayil ɗin ya juya shafi biyu ko uku ya rufe.

"Baba, sannu da ƙoƙari," ya ce. "Amma ina ne a ƙasar Kabi ba kufai ba? In munka ce sai mun bi ta kan kowane kufai, ko bukka ba mu ginawa."

Kawu ya ce ba duka filin yake magana ba, kusurwa ɗaya ce da layi ɗaya, kuma gyaran zane ya fi gyaran gini sauƙi.

"An riga an sa hannu ga zane," in ji Alhaji. Ya juyo gare ni. "Injiniya, kai ne masanin. Akwai matsala ga ƙasar?"

Kawu ma ya juyo ya dube ni. Na san amsar gaskiya ita ce ban sani ba, domin duk ramukan gwajinmu huɗu a kan tudu suke, babu ko ɗaya a kan jan layin. Amma aikina na farko ne, ga Alhaji yana jira, ga ma'aikatansa suna saurare. Na ce sakamakon gwaji bai nuna wata matsala ba.

Kawu ya miƙe, ya yi godiya, ya fita. Ya bar fayil ɗin a kan teburi. Ƙofa na rufewa Alhaji ya tura min shi da bayan hannu, ya yi maganar nan ta takardun ƙosai. Ofis ya ɗauki dariya, da ni a ciki. Ƙofar katako ce marar kauri, kuma Kawu ba ya sauri saboda gwiwa.

Da na je gaishe shi ranar Asabar, na iske shi yana fiƙe fensir. Na fara ba shi haƙuri, amma haƙurin ya rikiɗe ya zama gardama. Na ce masa mutane na neman wurin kwana, malaman makaranta da ma'aikatan jinya suna zaman haya, tarihi ba ya hana ruwa zuba a kan kowa. Na ce zamani ya canza, yanzu da na'ura ake sanin ƙasa, ba da hirar tsofaffin mata ba. Har na ce masa shi mai zane ne, ba injiniya ba.

Ya ajiye rezar a hankali.

"Gaskiya ne, ni mai zane ne," ya ce. "Ban ce ka ƙi na'urarka ba. Na nuna maka inda za ka aza ta ne. Kai kau ka ji tsoron ka aza ta nan, don kada ta gaya maka abin da ba ka son ji. Tahi, Injiniya. Allah shi ba da sa'a."

Wata biyu ban taka Argungu ba.

Ranar da katafila ta isa gabashin tudun, da hantsi ne. Ina can wani ɓangare sai na ji injin ya mutu. Direban dattijo ne, na iske ya sauko yana salati, ya cire hularsa. A bakin ƙarfen akwai ƙasusuwa. A jikin yankan ƙasar kuwa ana ganin wasu a jere, kowanne a kwance ta gefen dama yana fuskantar alƙibla. Direban ya ce ko za a kore shi ba zai ƙara tayar da injin a nan ba. Kafin a jima labari ya kai Ambursa, mutane suka fara zuwa a kan babura.

Na ciro waya na kira Kawu. Bai jira na gama gaisuwa ba.

"Gabas ga tsamiya?"

Na ce e.

"Kada kowa shi taɓa komi. Ga ni nan."

Ya iso kafin azahar, da bandir na farin alawayyo a hammatarsa. Bai dube ni ba, bai dubi Alhaji ba, wanda shi ma ya iso yana ta waya. Ya sami limamin da ya zo cikin jama'a suka yi shawara. Sannan ya zagaya inda katafila ta riga ta kankare. A arewa da kaburburan ta yanke bakunan wasu ramuka masu zagaye, sun fi goma, a jere. Kawu ya durƙusa da ƙyar, ya kankari bangon ɗaya da farce, ya nuna wa mutane. Shuɗi ne, shuɗin baba, bai koɗe ba. Rijiyoyin marina ne. Ko'ina tsingaro ne a warwatse, ga rabin dutsen niƙa, ga 'yan duwatsun wuya da taya ta nutsar a laka.

Ya je wurin Alhaji ya roƙe shi mako biyu, a kira masana su auna, su ɗauki hoto, su ga abin da ke sama da abin da ke ƙasa kafin a ci gaba. Tsoho ne mai furfura, yana roƙon wanda bai kai ɗansa na fari ba. Alhaji ya ce ya ba da zuwa la'asar a kwashe ƙasusuwa, sauran kuma tukwane ne, tukwane na nan a kasuwa.

Haka aka yi. Kawu da liman da dattawan Ambursa suka tattara abin da za a iya tattarawa, suka naɗe a alawayyo, aka haƙa rami a gindin tsamiya aka rufe, aka yi addu'a. Ba a san ƙashin wa ya haɗu da na wa ba. Na sa hannu na taya, babu wanda ya hana ni, babu kuma wanda ya yi min magana.

Da zai tafi na bi shi har bakin titi. Na shirya wa faɗa, na shirya jin "ai na gaya maka." Bai faɗi haka ba. Yana kakkaɓe ƙasa daga gwiwar wandonsa ya ce:

"Waɗanga bayin Allah, Ubangijinsu ya san kowa da ƙashinai, ba su ɓace mai ba. Garin nika jin ciwo. Da an ba mu mako biyu, da mun san yaushe sunka zauna, mi sunka ci, mi yat tashe su. Yanzu ba mai sani har abada. Jiya kufai ne. Yau ko kufan babu."

Washegari aka kawo wani direba.

An gama gidajen, an yi musu fenti, mutane sun tare. Damina ta farko ta wuce lafiya, har na fara gaya wa kaina cewa a kan gwalalo dai Kawu ya yi kuskure. A damina ta biyu aka kira ni in duba wata tsaga a bangon wani gida. Sai ta maƙwabcinsa. Sai ta na gaba. Ƙofofi suka daina rufuwa, daɓe ya dare. A gidan wani malamin firamare, bangon ɗakin girki ya kwanta da rana tsaka, Allah ya sa matarsa ta fita shanya. Na ga mutumin nan yana loda katifu a kan amalanke cikin yayyafi, 'ya'yansa na riƙe da tukwane. Bai zage ni ba. Ya dai tambaye ni, "Injiniya, ba ku duba ba kahin ku gina?"

Na koma ofis na ciro koren fayil daga ƙasan durowa. Na ɗauki zanen rukunin na yi alama a kan kowane gida da ya tsage, na ɗora takardar Kawu a kai na ɗaga su ga hasken taga. Alamomina sun bi jan layinsa gida bayan gida, sun lanƙwasa inda ya lanƙwasa.

Kamfanin ya ɗauko masana daga nesa. Suka zo da na'urori, suka yi makonni suna huda ƙasa, suka rubuta rahoto mai kauri da Turanci. Sun gano cewa akwai wani tsohon rami mai tsawo da aka cike da ƙasa marar ƙarfi, kuma da an yi binciken takardu tun farko da an kauce masa. Alhaji ya yi ta yaba musu. Na ba su fayil ɗin Kawu tun ranar da suka iso, na ga hoton jirgin saman nan a cikin rahotonsu, amma sunansa bai fito ko sau ɗaya ba. Ni kuma ban tambayi dalili ba. Na bar kamfanin a ƙarshen shekarar, ba don jarumtaka ba, sai don an fara neman wanda za a ɗora wa laifi.

A lokacin idon Kawu ya riga ya yi rauni, ba ya iya karatu. Na kai masa rahoton na zauna a gabansa ina karantawa ina fassarawa. Na ɗauka zai ji daɗi. Ya saurara har ƙarshe, yana murza goro a hannu bai ci ba.

"Sun ambaci sunan garin?" ya tambaya.

Na ce a'a, sun dai ce tsohon rami.

"Tsohon rami," ya maimaita. Ya ɗan yi murmushi. "To. Malamin nan da bangonai yaf faɗi, ya samu wurin zama?"

Ban sani ba. Ban taɓa bincikawa ba. Shi da ba ya gani, yana Argungu, shi ya tuna da tambayar.

A ranar na roƙe shi gafara. Na faɗi duka, har da dariyar. Ya ce ya ji ta, yana bakin matakala lokacin. Ya ce ya yafe tun a mota. Ya faɗe shi a sauƙaƙe, kamar mai ba da aron tabarma, kuma wannan sauƙin ya fi min zagi zafi. Daga nan ya sauya magana, ya tambaye ni ruwan bana ya kai ina a fadama.

Bayan haka babu mai zuwa wurinsa da zanen gini. Gari na ta faɗaɗa ta kowace kusurwa, tifofi na wucewa ta ƙofar gidansa da yashi, shi yana zaune da amsoshi cike da ɗaki, ba mai tambaya. Ya yi jinyar mako uku. Ya rasu ranar Laraba bayan sallar azahar, Hajiya da babbar ɗiyarsa na kusa da shi.

Bayan addu'ar arba'in, ita babbar ɗiyar tasa, wadda nake kira Yaya, malamar makaranta ce, ta tare ni a tsakar gida ta miƙa min littafin rubutu irin na 'yan makaranta. Rubutun hannunta ne a ciki.

"Ya ji labarin an ba ka aikin rumbunan shinkafa a hanyar Gulma," ta ce. "Ya ce in riƙa ɗauko mai taswirori ina gaya mai abin da nig gani, shi kuma yana hwaɗi ina rubutawa. Ya ce kada in gaya maka sai ya ƙare." Ta nuna min inda rubutun ya tsaya. "Bai ƙare ba."

Shafi uku ne kawai. Ya ce akwai wani ɗan tudu a yammacin filin da bai yarda da shi ba, domin tsohuwar hanyar ƙafa ta kauce masa ba tare da dalilin da ake gani ba. Ya ce takarda ba ta faɗi komai a kai ba, amma akwai wani tsohon masunci a Gulma, bayan kasuwa, wanda ya taɓa yi masa wata magana game da wurin shekaru da yawa, a je a tambaye shi. Nan rubutun ya tsaya. Yaya ta ce a ranar ne zazzaɓin ya fara.

Na tafi Gulma a makon. Na sami gidan ba wuya. Ɗan tsohon, shi ma magidanci ne mai furfura, yana gyaran komar kamun kifi a ƙofar gida. Ya ce mahaifinsu ya rasu tun kafin azumi. Na yi masa ta'aziyya, na tambaye shi game da tudun.

"Baba dai ya kan ce kada a sa garma nan," in ji shi. "Mu kau ba mu taɓa tambayar dalili ba."

Na rubuta wa masu aikin na nemi a ɗage shiga yammacin filin har a bincika. Sun amsa min cikin ladabi, sun ce in kawo hujja. Hujjata ɗaya tana kwance a maƙabartar Gulma, ɗayar a ta Argungu. Ban sa hannu a takardar fara aiki ba, kuma an gaya min akwai injiniyoyi da yawa a gari masu biro.

Allah ka jiƙan Kawu, ka yafe masa kurakuransa, ka saka masa da alherin da ya yi wa rayayyu da matattun da bai sani ba. Ka yalwata masa kabarinsa, ka haskaka shi. Ka kuma tsare shi, ya Ubangiji, kada wata rana wani irina ya zo kansa da katafila.